Bayan An Rataye Takalmin Ƙwallo

Shirin namu na yau na samarin ƙasar Daura ne, daga cikin gari har Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, waɗanda da an idar da la'asar sai fili: a dasa duwatsu biyu su zama raga, ɓangare guda su tuɓe riga don a gane na gida, a yi ta ƙura har kiran magariba. Tambayarmu ɗaya ce. Ranar da gwiwa ta ce ta gaji, da me za a ci abinci?

Mu ɗauki Ahmed Musa, tunda babu wanda bai san shi ba. A Jos aka haife shi a 1992, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa Sarah ce ta yi ɗawainiyarsa. A kakar 2009/2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, babu wanda ya kamo shi a gasar Najeriya. Daga nan sai VVV-Venlo a Holan, sai CSKA Moscow a Rasha, sai Leicester City ta Ingila ta saye shi a 2016 kan fam miliyan 16 da ɗoriya. Ƙwallaye biyun da ya zura wa Ajantina a 2014, da biyun da ya zura wa Iceland a 2018, har gobe ana labarinsu a gidajen kallo.

To amma ba nan muka dosa ba. A Leicester abin bai yi masa daɗi ba, zaman benci ya fi wasa yawa, har aka mayar da shi Rasha aro. A daidai wannan lokaci, cikin 2017, yana ɗan shekara 24, ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki a Hotoro cikin Kano. Bayan 'yan watanni ya buɗe gidan mai, MYCA-7. Wato tun kuɗi na shigowa ya haƙa rijiyarsa, bai jira ƙishirwa ba. 'Yan wasa nawa ne suka yi tashe, suka ƙare da mota da labari?

Sannan bai ci shi kaɗai ba. Ya yi shelar ɗaukar nauyin ɗalibai 100 a Jami'ar Skyline ta Kano, ya kuma gina makaranta a Bukuru ya sa mata sunan iyayensa, Musa da Sarah. A 2025 aka naɗa shi babban manajan Kano Pillars, ƙungiyar da ta fito da shi.

Sai dai, samari, a faɗi gaskiya: irin Ahmed Musa ɗaya ne cikin dubbai. Mafi yawanku ba za su ga Turai ba, wasu ko rigar Katsina United ba za su saka ba. Shi ya sa hanyar Segun Odegbami ta fi kusa da ku. Injiniyanci ya karanta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan yana taka leda, ya ci kofin Afirka da Najeriya a 1980, daga baya ya kafa makarantar da ke haɗa karatu da wasanni a Wasimi, jihar Ogun. Abokin wasansa Adokiye Amiesimaka kuwa aikin lauya ya karanta a Jami'ar Legas, har ya zama kwamishinan shari'a na jihar Ribas.

Yau Daura tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, tana da Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga kuma Jami'ar Sufuri da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a Disamban 2019. Yaro ba ya buƙatar barin gida kafin ya haɗa takarda da tamaula.

Kiranmu ga shugabannin waɗannan makarantu da masu hannu da shuni na masarautar nan: a gyara fili, a sa kofi tsakanin makarantu, a kuma ɗaure ladan da kuɗin makaranta ko jarin sana'a, kada a tsaya kan riga da takalmi. Ku kuma iyaye, kafin ku ɗaga bulala saboda ƙwallo, ku tambayi yaron sakamakon jarrabawarsa.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.