Tiyatar Ƙarin Kyau: Gyara Ko Ganganci?

Masu iya magana na cewa garin neman gira akan rasa ido. Babu shakka wannan karin magana ya dace da wani al'amari da a da muke jin labarinsa daga Amurka da Birazil, amma a yau ya shigo zaurukan hirarmu na Kano da Kaduna da Abuja, wato tiyatar gyaran jiki domin ƙarin kyau. Maganar ta wuce 'yan fim da mawaƙa, ta kai ga ma'aikaciyar banki da ta haihu sau uku, da alhajin da sanƙo ya dama, kowa yana tambayar asibitin da za a je da kuɗin da za a kashe.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan fanni na likitanci bai taso daga son ƙawa ba. Tun zamanin da, likitan Indiya Sushruta ya bayyana yadda ake sake gina hancin da aka yanke da fatar mutum. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko kuwa, Harold Gillies ya jagoranci gyaran fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza a asibitin da aka buɗe a Sidcup ta Ingila a 1917. Daga baya ne aka karkatar da wannan ilimi zuwa ga masu lafiya: a 1962 aka fara dasa silikon a mama a birnin Houston, a ƙarshen shekarun 1970 kuma likitan Faransa Illouz ya inganta hanyar zuƙe kitse da siririn bututu.

Abubuwan da ake yayi a yau sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ba a yanka, kamar allurar Botox da hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita domin tamojin fuska a 2002. Aikinta shi ne ta kwantar da tsokar wurin, kuma bayan wata uku zuwa huɗu sai an sake. Akwai kuma allurar ciko da ake cika leɓe ko kumatu da ita, wadda idan ta faɗa jijiyar jini tana iya kashe fatar wurin, wani lokaci ma ta makantar. Sai kuma waɗanda ake yanka: zuƙe kitse, da ɗame fatar ciki bayan haihuwa, da rage mama ko ƙara shi, da gyaran hanci, da dashen gashi wanda ya mayar da birnin Istanbul na Turkiyya matattarar maza daga ƙasashe da dama. Shi zuƙe kitse, likitocin kansu sun sha nanatawa, ba maganin teɓa ba ne, gyaran siffa ne kawai ga wanda nauyinsa bai yi yawa ba.

Wanda ya fi tashe, ya kuma fi haɗari, shi ne ƙarin mazaunai da aka fi sani da BBL. Akan zuƙo kitse daga ciki ko cinya, a mayar da shi baya. Idan bututun ya nutse cikin tsoka ya fasa babbar jijiya, kitsen kan bi jini ya toshe huhu, mutum ya cika cikin ɗan lokaci. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin 3,000 ne ke mutuwa a wannan aiki, kuma a 2019 jihar Florida ta haramta zuba kitsen cikin tsoka, sai dai a ƙarƙashin fata.

Mu a Nijeriya ba sai an ba mu labari ba. A ranar 23 ga Oktoba, 2005, uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a Sifen bayan aikin zuƙe kitse, kuma a 2009 wata kotu a Malaga ta yanke wa likitan hukuncin ɗaurin shekara ɗaya saboda sakaci. To, idan haka ta faru da matar shugaban ƙasa a Turai, me za mu ce game da yarinyar da ta ga talla a Instagram, ta shiga wani gida da aka mayar asibiti, babu ƙwararren likitan sa barci, babu ɗakin kulawa ta musamman? Araha dai ba ta ado. Haka kuma mu baƙar fata muna da tamu matsalar, domin fatarmu ta fi saurin yin tabon nan mai kumburi da ke girma ya wuce asalin raunin, wanda ko an yanke shi yakan dawo.

Ni dai ba na cikin masu cewa a yi watsi da fannin baki ɗaya. A Sakkwato akwai asibitin da aka kafa a 1999 domin yaran da cutar noma ta cinye musu leɓe da kumatu, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Irin ilimin da ake ƙara mazaunai da shi, da shi ne ake mayar wa waɗannan yara fuska, a gyara tsagaggen leɓe, a saki fatar da ƙuna ta ɗaure. Ta fuskar addini ma, malamai sukan kafa hujja da labarin sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sanya na zinare. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar da ke kawar da nakasa ko cutarwa, ta kuma hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son rai ko kwaikwayo.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin da ke kai mata ga wuƙar. Da yawa tsoron kishiya ne, ko gorin miji, ko hoton waya da aka tace aka gyara. Magidancin da ke yi wa matarsa ba'a da cikin da ta ɗauki 'ya'yansa a ciki, ya sani yana da kaso a duk abin da ya biyo baya.

Saboda haka ina kira ga duk wanda ya ƙudurta yin wannan aiki da ya tabbatar likitan yana da rajista da Hukumar Likitoci ta Nijeriya, kuma ya samu ƙwarewa a wannan fanni daga Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko makamanciyarta. Ya tambayi wanda zai sa shi barci, da inda za a garzaya da shi idan abu ya ɓaci, da wanda zai duba shi idan ya dawo gida daga ƙasar waje. Hukumomin lafiya na jihohi kuma su riƙa bibiyar wuraren da ke tallar irin wannan aiki tun kafin a fitar da gawa. Lafiya uwar jiki ce. Allah Ya sa mu gane.