Me Ya Sa Kwanon Rufi Yake Tsagewa Idan An Lanƙwasa Shi?

Kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, magidanta a Anka da Gummi da Bukkuyum sukan shiga kasuwa neman kwanon rufi. Wani yakan sayar da buhunan gero ko bijimi kafin ya haɗa kuɗin bandir biyu. Amma sau da yawa kafinta na lanƙwasa bakin kwanon sai ya tsage. Mai gida ya ce an cuce shi. Wani lokaci ba cuta ba ce. Dalilin yana cikin jikin ƙarfen, tun daga masana'anta.

Murza da zafi, murza da sanyi

Hausawa na cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Haka maƙeri yake yi. Yakan sa ƙarfe a wuta, ya zuga, sai ya yi ja, sannan ya ɗora shi a kan uwar maƙera. Haka ma aka tsara masana'antar ƙarfe ta Katsina, wadda aka buɗe a 1982, ita da 'yan uwanta na Jos da Oshogbo. An gina su don a gasa sandunan ƙarfe har zafinsu ya wuce digiri 1,000, a murza su su zama rodin gini. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa.

Kwanon rufi ya fi ƙarfin wannan hanya, domin siriri ne ƙwarai. Da farko akan murza ƙarfen da zafi har kaurinsa ya koma kamar milimita 2. Sai a bari ya huce, a wanke shi, a sake murza shi ba tare da wuta ba. Wannan shi ne murza da sanyi.

Duk wanda ya ga injin taliyar murji ya ga misalinsa. Ana tura kwaɓin fulawa tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa, ya fito da tsawo, kaurinsa ya ragu. Injin masana'anta ma haka yake, sai dai girmansa ya kai ɗaki. Ƙarfe mai kaurin milimita 2 yakan fito bai kai rabin milimita ba. Babu abin da aka kankare daga jikinsa. Abin da ya rasa a kauri, ya same shi a tsawo.

Abin da ido ba ya gani

A ido, ƙarfe dunƙule ɗaya ne. Amma idan an goge shi, an duba da madubi mai ƙara girman abu, sai a ga ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kamar gero a cikin mudu. Kowace ƙwaya kuma cike take da ƙwayoyin zarra, a jere layi-layi.

Idan injin ya matsa, ƙwayoyin ba sa farfashewa. Layukan cikinsu ne suke zamewa, wani a kan wani. Kuma ba gaba ɗaya suke zamewa ba. Misali, ga babbar tabarma shimfiɗe, ana so a matsar da ita. Jan ta gaba ɗaya yana da wuya. Amma idan aka ɗaga ɗan tudu a bakinta, aka yi ta tura tudun har ƙarshe, sai tabarmar ta matsa cikin sauƙi. A cikin ƙarfe ma akwai irin waɗannan 'yan tuddai, wato wuraren da jeri ya karkace. Tafiyarsu ita ce take sa ƙarfe ya lanƙwashe bai karye ba.

Masana uku, Taylor da Orowan da Polanyi, su ne suka bayyana wannan a 1934, kowa a nasa binciken. A 1956 aka ga tuddan suna tafiya, ta wani madubi mai ƙarfi a jami'ar Kambirij ta Ingila.

To, yayin da ake murzawa, abubuwa biyu suke faruwa. Na farko, ƙwayoyin da suke a dunƙule sukan baje, su miƙe duk ta gefe ɗaya, wato hanyar da ƙarfen ya bi cikin injin. Na biyu, 'yan tuddan nan sukan yi ta ƙaruwa har su sarƙe, kamar cunkoson jama'a a ƙofar kasuwa. Kowa na son wucewa, kowa ya tare wa wani hanya. Daga nan layuka ba sa iya zamewa. Ƙarfen ya yi tauri, ya ƙara ƙarfi, amma laushinsa ya tafi. Idan aka tilasta masa lanƙwasa, sai ya tsage.

Ana iya gwada wannan a gida. A sami waya, a lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya. Wurin zai yi ɗumi, ya ƙara tauri, daga baya ya karye.

Yadda laushi yake dawowa

Maganin taurin shi ne wuta. Idan an gasa ƙarfen zuwa digiri 600 ko 700, aka bar shi ya huce a hankali, sababbin ƙwayoyi sukan fito a madadin waɗanda suka baje. Cunkoso ya watse, laushi ya dawo. Haka ake yi wa ƙarfen jikin mota da na kwanon abinci, don a iya tankwasa su.

Amma siririn kwanon rufi, galibi da gangan ake barinsa da taurinsa, don kada ya lotse. Sannan a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya, ta kare shi daga tsatsa. A ƙarshe a yi masa tudu da kwari kamar kunyoyin gona, su ƙara masa ƙarfin ɗaukar nauyi.

Abin da ya kamata a kiyaye

Mai sayen kwano ya tambayi kaurinsa, kada ya tsaya ga sheƙi. Tauri ba kauri ba ne. Kwano na iya yin tauri a hannu alhali siriri ne, iska ta yage shi daga kan ƙusa. Idan da geji ake faɗa, a sani cewa lamba babba ita ce siririya.

Kafinta kada ya yi wa kwano lanƙwasa mai kaifi, ya ba ta ɗan zagaye. Kada kuma ya miƙe inda ya lanƙwasa ya sake lanƙwasawa. Lanƙwasar da ta bi tsawon kwano ta fi saurin tsagewa, kamar yadda kara yake tsagewa ta tsawonsa. Tsohuwar ƙusa da aka miƙe sau biyu ko uku ba ta dace da rufi ba.

Maƙeri kuma ya yi hattara da sa kwanon rufi a wuta don ya yi laushi. Tutiyar za ta ƙone, ta fid da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da tari da ciwon jiki. Kwanon kuma zai rasa kariyarsa, tsatsa ta cinye shi da wuri.

Wanda ya san halin ƙarfe, kuɗin amfanin gonarsa ba za su tafi a banza ba.