Gansakuka a tabkunan Matamaye: yadda za a rage ta

A ƙasar Matamaye, cikin jihar Damagaram, kwarin Korama yana da albarkar ruwa. Ga rake, ga garake, ga tabkuna inda bisashe ke sha, masunta kuma suna kamun kifi. Amma da bazara, idan ruwa ya ja baya, rana ta yi zafi, sai tabki ya koma kore shar. Wannan ita ce gansakuka.

Gansakuka tsiro ce. Abincinta ɗaya ne da na gero: taki da hasken rana. Takin zamani da aka zuba a garka ruwa yana kwashe shi zuwa tabki. Kashin shanu da fitsarinsu su ma taki ne. Idan suka taru, sai ta yaɗu.

Gansakuka kaɗan ba ta da laifi, don karfasa tana cin ta. Yawanta ne ke ɓarna. Kifi yana numfashi da iskar da ke cikin ruwa. Da dare gansakuka tana shanye wannan iska. Shi ya sa da asuba ake ganin kifi ya taso sama yana haki, wani ma ya mutu.

Akwai kuma irin da ke da dafi. Tana kwanciya bisa ruwa kamar koren fenti. Dabbar da ta sha tana iya mutuwa ranar nan. A shekarar 2020, giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botsuwana. Hukumar ƙasar ta ce dafin gansakuka ne ya kashe su. Tafasa ruwan ba ya kashe wannan dafi.

Awon ruwa ba shi da wuya. Mutum ya tsoma hannu har gwiwar hannu. Idan yana ganin tafinsa, da sauƙi. Idan ba ya gani, gansakuka ta yi yawa. Bayan awo ya wanke hannunsa.

Maganinta shi ne a hana ta abinci. Manomi ya zuba taki daidai awo, nesa da bakin ruwa. A bar ciyawa ta tsiro kewaye da tabki, ita ke tare taki. Makiyayi ya shayar da bisashe a komi da ruwan rijiya, kada su shiga tabki mai kore. Mai kama da zare kuwa a kwashe ta da manjagara, a kai ramin taki. Kada a zuba maganin ƙwari, kifi zai kashe.

Wanda ya ga kifi yana mutuwa ya sanar da ma'aikatan gandun daji. Idan dabba ce ta kwanta bayan shan ruwa, a nemi malamin dabbobi nan da nan. Tabki na kowa ne, tsaronsa ma na kowa ne. Rigakafi ya fi magani.