Yadda tsirkiya ke sauya amon jita

Makaɗa biyu za su iya sayen jita iri ɗaya daga kamfani ɗaya, amma ta wannan ta riƙa fitar da amo mai kaifi kamar ƙararrawa, ta wancan kuma amonta ya fito da kauri da taushi. Sau da yawa bambancin yana cikin tsirkiyoyi shida da aka ɗaura mata.

Shahararren makaɗin nan ɗan jihar Tahoua a Nijar, Mdou Moctar, da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kowace waya ka ɗaure ta tamau za ta yi ƙara. Amma mai neman wani amo takamaimai sai ya san me yake saya.

Roba ko ƙarfe?

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Jitar da ba ta amfani da lantarki kala biyu ce: mai tsirkiyar nailan, wadda ake kira kalasika, da mai tsirkiyar ƙarfe.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu da hanjin tumaki ake yin siraran tsirkiyoyin kalasika. Da hanjin ya yi ƙaranci, wani maƙerin jita a birnin New York, Albert Augustine, ya haɗa kai da makaɗin Sifaniya Andres Segovia suka samar da ta nailan a ƙarshen shekarun 1940. Amonta tattausa ne, kuma ba ta cin yatsa.

Kada a kuskura a ɗaura wa jitar kalasika tsirkiyar ƙarfe don neman kaifi. Ƙarfin jan ƙarfen ya kusa ninka na nailan, kuma yawancin irin wannan jita ba ta da sandar ƙarfe a cikin wuyanta. Wuyan zai lanƙwashe, ko kuma ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, wanda masu garaya ke kira jaki, ya ɓamɓare. Gyaran kan fi kuɗin tsirkiya nesa ba kusa ba.

Abin da aka naɗe ta da shi

A jitar ƙarfe, siraran tsirkiyoyi biyu tsurar ƙarfe ne. Sauran huɗun ne ake naɗe wa wata siririyar waya, kuma wannan naɗin ne ke yanke hukunci kan launin amo.

Idan ka ga an rubuta 80/20 a kwali, ana nufin kashi 80 na jan ƙarfe da kashi 20 na tutiya. Tana da kaifi da haske, tana ratsa hayaniya, shi ya sa masu shiga situdiyo ke sonta sabuwa dal. Aibinta shi ne saurin dusashewa, musamman a hannun mai yawan gumi.

Ta biyu ita ce wadda ake rubuta Phosphor Bronze a kwalinta. Kamfanin D'Addario na Amurka ne ya fito da ita a 1974. Kusan kashi 92 jan ƙarfe ne, ragowar kuza ce da ɗan sinadarin fosfarus mai hana saurin lalacewa. Amonta ya fi cika da ɗumi, kuma tana daɗewa. A ganina ita ta fi dacewa da wanda ke rera waƙa yana kaɗa wa kansa, domin ba ta gogayya da murya.

Akwai kuma mai haɗin siliki da ƙarfe, mai laushi a yatsa da sanyin amo, sai dai ba ta da ƙara sosai.

Hikimar dai ita ce a duba halin jitar. Idan amonta ya cika duhu, 80/20 za ta buɗe shi. Idan kuwa tana da tsiwa, ta fosfarus za ta kwantar da ita.

Lambar da ke jikin kwali

Makaɗa kan ce suna amfani da lamba 11 ko 12 ko 13. Kaurin tsirkiya mafi siranta ke nan, wato kashi 12 cikin 1,000 na inci ga lamba 12.

Bambancin kamar ba komai ba, amma jita tana jin sa. Cikakken saitin lamba 12 yana jan wuyanta da nauyin da ya haura kilo 70, lamba 13 kuwa ya haura kilo 80. Mai kauri tana girgiza fuskar katakon sosai, amo ya yi ƙarfi da zurfi, amma yatsu su ji a jikinsu. Ɗan koyo da ya fara da lamba 13 yakan jingine jitar kafin yatsunsa su yi kanta. Gara ya fara da 10 ko 11.

Wanda ke sassauta tsirkiyoyinsa ƙasa da yadda aka saba don neman zurfin amo, mai kauri ce tasa, domin siririya za ta yi sako-sako tana karkarwa a kan wuyan jita. Haka ma mai dukan jita da ƙarfi. Mai tsinkar amo ɗaya-ɗaya da yatsa kuwa, siririya ta ishe shi.

Gumi da ƙura

Tsirkiya tana mutuwa tun kafin ta tsinke. Gumi da maiƙon hannu da ƙura suna shiga tsakanin naɗin, sai amo ya toshe, saiti ya ƙi zama. A 1997 aka fito da tsirkiyar Elixir mai siririn rufin roba don magance haka. Ta fi tsada, wasu makaɗa kuma na ƙorafin cewa rufin yana rage kaifi, amma ga wanda shagon kayan kiɗa ya yi wa nisa, tana rage zirga-zirga.

Mai amfani da marar rufi ya riƙa wanke hannu kafin kiɗa, ya goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle in ya gama. A lokacin hunturu kuma a mayar da jitar cikin akwatinta, domin bushewar iska tana sa katako ya motse, tsirkiya ta fara gugar wuya, mutum ya ɗora wa sabuwar tsirkiya laifin da ba nata ba.