Taswirar Waya da Zaɓen Abin Hawa

Hakimai da magatakardansu sun sha ganin samari a tashar Birnin Kudu, kai a sunkuye, suna duban waya kafin su shiga mota. Taswira suke dubawa, galibi wadda ake kira Google Maps. Ya kamata shugabanni su san aikinta, gama talakawa sun fara dogara gare ta.

Ga yadda take. Wayar tana karɓar alama daga taurarin ɗan'adam, ta gane inda mai ita yake tsaye. In ya rubuta Kano, sai ta zana masa hanya ta Kwanar Huguma da Wudil, ta faɗi nisa da lokacin isa. A 2019 aka ƙara mata hanyoyin babur a Nijeriya.

To, amma ba nisa kaɗai matafiyi ke aunawa ba. Abu na fari kuɗin mota ne, musamman tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Wannan kuwa ba a waya ake jinsa ba, sai a bakin ɗan kamasho. Sa'an nan lokacin da take faɗi na mota mai tafiya ne. Ba ta lissafa zaman jiran motar haya ta cika, wanda kan zarce tafiyar kanta. Don haka mai gaggawa kan hau acaɓa ko da ya fi tsada, mai buhunan hatsi ya jira akori-kura, tsohuwa da mai jego su nemi a-daidaita-sahu.

Inda abin ya fi muni shi ne damina. Taswirar tana gane cunkoso ne daga motsin wayoyin da ke bisa hanya, watau inda wayoyi suka yi ƙaranci, saninta ya yi ƙaranci. A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Labarin karyewar gada dagaci ke fara ji, ba waya ba.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni, da zarar ruwa ya ci hanya, a sa shinge da mai tsaro, a aika wa shugabannin tasha nan take. Magatakarda ya rubuta wurin da ranar, ya kai wa ƙaramar hukuma.