Salansa da Kariyar Zafi a Jirgin Sama Ƙirar Gida

A shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic. Mutane suka yi ta sha'awar injin da farfela, alhali kuwa haɗarin irin wannan aiki yakan ɓuya ne a salansa, watau bututun hayaƙi.

Hayaƙin injin jirgi yana fita da zafin da ya haura digiri 700, shi kuwa alminiyam a digiri 660 yake narkewa. Saboda haka, duk da rashin nauyinsa, ba shi da gurbi a nan. Baƙin ƙarfen da mai walda a Birnin Kudu ko Gwaram ya saba da shi yana jurewa na ɗan lokaci, amma tsatsa da jijjiga kan tsaga shi, musamman a bakin walda. Abin da maƙera jirage suka fi amincewa da shi shi ne ƙarfe mara tsatsa mai lamba 321, wanda aka sirka da titaniyam.

Naɗe bututun da ƙyallen kariya dabara ce mai ruɗi, domin yana tsare zafi a jikin ƙarfen, ya kuma ɓoye tsaga. Gara a kafa faranti, a bar ratar iska tsakaninsa da tiyon mai. Mota in ta kama wuta sai a faka a gefen hanya. Matuƙin jirgi kuwa sai ya sauko tukuna.