Land Cruiser 76: abin da ya sa direbobin hamada ke riƙe da ita

A kan kwalta, Toyota Land Cruiser 76 ba ta da daɗin zama. Tana girgiza, tana ƙara, kuma injinta na gazuwal 1HZ, mai silinda shida da lita 4,2, ba shi da turbo, da ƙyar yake ɗaukar gudu. Amma daga Agadez zuwa Dirku, cikin rairayin Tenere, in aka rage iskar taya aka sa kat-kat, sai ta nuna halinta.

Injin, wanda ya fito a 1990, bai dogara da kwamfuta ba, shi ya sa makanikan Damagaram da Tawa ke gyara shi da kayan hannu. Sai dai akwai shan mai, kuma gazuwal mai datti yana lalata famfonta in an jima ba a canja matatar mai ba.